Inshorar kula da tsofaffi a Japan da matan da ke jinya a gida: abin da ta sauke musu da abin da ta bar musu

A watan Afrilun 2000 ƙasar Japan ta fara aiki da wata inshora ta musamman domin tsofaffin da ba sa iya yi wa kansu hidimar yau da kullum, wadda suke kira Kaigo Hoken, bayan majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokarta a watan Disamban 1997. Tun lokacin da ake muhawarar kafa ta an fito fili an ce ɗaya daga cikin manufofinta ita ce sauke wa matan gida, musamman matar ɗa, nauyin jinyar da al'ada ta ɗora musu, a mayar da shi wuyan al'umma baki ɗaya. Ba kasafai ake samun tsarin inshora da ya ɗauki irin wannan alkawari a bainar jama'a ba, kuma tun da yanzu ya haura shekara 20 yana aiki, akwai isasshen abin da za a auna shi da shi.

Halin da ake ciki kafin zuwan inshorar

A tsarin iyali na gargajiya a Japan babban ɗa ne ke gadon gida, iyayensa kuma su tsufa a hannunsa, amma a aikace hannun da ake nufi na matarsa ne. Ita ke dafawa, ita ke yi wa surukinta wanka, ita ke tashi cikin dare idan surukarta ta yi kira. A 1980 kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 65 suna zaune ne tare da 'ya'yansu. Gwamnati ta san da haka kuma ta dogara da shi, har rahoton shekara na ma'aikatar lafiya da walwala na 1978 ya siffanta zaman tsofaffi tare da 'ya'yansu a matsayin wata ɓoyayyar kadara ta tsarin walwalar ƙasar. A ganina wannan jimla ta tona asirin lamarin gaba ɗaya, domin ma'anarta ita ce hukuma ta riga ta saka wahalar mata cikin lissafinta ba tare da ta biya ko sisi ba. Wani abin takaici kuma shi ne dokar gado ba ta lissafa matar ɗa cikin magadan surukanta, sai a 2019 aka fara aiki da gyaran da ya ba ta damar neman wani abu daga magada saboda hidimar da ta yi.

Abin da ya karya wannan tsari shi ne tsawon rai. Jinyar da a da takan ƙare cikin watanni ta koma ta shekaru, saboda magani yana raya wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa ba tare da ya dawo masa da ƙarfinsa ba. A lokaci guda haihuwa ta ragu, matasa sun koma birane, mata da yawa sun shiga aikin albashi, wato masu raba aikin sun ragu daidai lokacin da aikin ya ƙaru. Mafita biyu iyalai ke da su a wancan zamani. Ta farko ita ce hidimar walwala ta ƙananan hukumomi, wadda jami'i ke yanke wa wanda za a bai wa bayan ya duba samun gidan da kuma ko akwai mai kula a ciki, don haka gidan da ke da matar ɗa yakan koma ƙarshen layi, ga kuma kunyar a ce an kai iyaye hannun hukuma. Ta biyu ita ce asibiti. Daga 1973 an mayar da jinyar waɗanda suka kai shekara 70 kyauta, sai asibitoci suka cika da tsofaffin da ba magani suke bukata ba, kulawa suke bukata, suna kwance watanni. An kawo ƙarshen kyautar a 1983, a 1989 kuma gwamnati ta fito da shirin shekara 10 na ƙara gidajen kula da tsofaffi da ma'aikatan da ke zuwa gida, amma kuɗin haraji kaɗai bai iya cimma bukatar ba.

Yana da kyau a tsaya a fayyace abin da ake nufi da jigatar mai jinya, saboda mutane sukan ɗauke ta a matsayin gajiyar da barcin kwana ɗaya zai kawar. Macen da ke kula da tsoho mai gigin tsufa ba ta samun barci mai ɗorewa, domin yakan farka ya nemi fita cikin dare, ko ya ɓata shimfiɗa, ko ya zarge ta da satar abin da shi ya ɓoye ya manta. Ɗaga mutum daga gado zuwa kujera sau da yawa a yini yana lalata baya da gwiwa. Ziyara da zumunci suna yankewa tun da ba a iya barin majinyacin shi kaɗai, kuma ita kanta takan daina zuwa ganin likita, sai hawan jini ko ciwon suga su yi nisa kafin a gano. Idan ta bar aiki, albashin yau ya tafi, fanshon gobe ma ya ragu. A kan duk wannan akwai zargin kai, wato ta ji haushi na ɗan lokaci sannan ta kwana tana ganin ta yi laifi, wanda shi ke hana mata da yawa buɗe baki su ce sun gaza. Masana suna da hanyar auna wannan nauyi. Sanannen ma'auni shi ne na Steven Zarit mai tambayoyi 22, wanda Yumiko Arai da abokan aikinta suka daidaita da harshen Japananci a shekarun 1990, kuma ana amfani da shi sosai a binciken da ake yi a ƙasar.

Muhawarar kuɗi ko hidima

Jamus ta riga Japan kafa irin wannan inshora, a 1995, kuma Japanawa sun yi nazarinta sosai. A tsarin Jamus iyali na da zaɓi: ko a turo musu ma'aikata, ko a ba su tsabar kuɗi su yi jinyar da kansu, ko su haɗa biyun. Mutane da yawa sun zaci Japan ma haka za ta yi, amma waɗanda suka fi tsananta adawa da bayar da kuɗin mata ne. Keiko Higuchi, wadda ta jagoranci ƙungiyar matan da aka kafa a 1983 domin kyautata rayuwar tsufa, tana cikin kwamitin da ya bai wa gwamnati shawara, kuma hujjar ɓangarensu a bayyane take. Idan aka ba gida kuɗi, aljihun mai gida za su shiga, matar ɗa kuma ta ci gaba da aikinta kamar da, har ma a rufe mata baki da cewa ai ana biya. Sannan idan iyalai suka zaɓi kuɗi, ba za a samu kasuwar da za ta haifar da cibiyoyi da ma'aikata ba, wanda ke nufin ranar da matar ta faɗi babu wanda za a kira. Masu goyon bayan kuɗin su ma suna da tasu hujjar mai ƙarfi, musamman shugabannin yankunan karkara, da ke cewa ba adalci ba ne mutum ya biya inshora a garin da babu hidimar da zai karɓa. Masu riƙe da baitulmali kuwa tsoron tsadar kuɗin suke yi, sai bukatarsu ta zo daidai da ta matan ko da yake dalilansu sun bambanta.

Ana dab da fara aiki, a ƙarshen 1999, Shizuka Kamei, wanda ke shugabantar sashen tsara manufofi na jam'iyyar LDP mai mulki, ya soki tsarin da cewa zai rushe kyakkyawar al'adar nan ta 'ya'ya su kula da iyayensu. Sukar ta jawo sassauci: an ɗage karɓar kuɗin inshora daga tsofaffi na wata 6, aka rage shi da rabi na shekara guda bayan nan, aka kuma yarda ƙananan hukumomi su riƙa bai wa wasu iyalai masu ƙaramin ƙarfi ɗan abin hasafi da bai wuce yen (kuɗin Japan) 100,000 a shekara ba, idan majinyacinsu mai tsanani ne kuma ba su yi amfani da hidimar ba. Amma ginshiƙin dokar bai motsa ba, hidima inshorar ke bayarwa.

Ga yadda take aiki a taƙaice. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biyan kuɗin inshora, ƙaramar hukuma ce mai gudanarwa, rabin kuɗin daga haraji, rabi daga masu biya. Wanda ya kai 65 yana da haƙƙin neman hidima ko mene ne sanadin rauninsa, wanda ke tsakanin 40 da 64 kuwa sai idan cutarsa na cikin jerin cututtukan da ke da alaƙa da tsufa. Jami'i yakan zo gida da tambayoyi kan abin da tsohon ke iya yi da wanda ba ya iyawa, a saka amsoshin a kwamfuta, sannan kwamitin ƙwararru ya duba sakamakon tare da ra'ayin likita ya sanya shi a mataki. Tun daga 2006 matakan 7 ne, biyu na tallafi, biyar na kulawa, kowanne da iyakar abin da za a kashe masa a wata, daga kimanin yen 167,000 a matakin kulawa na 1 zuwa kimanin yen 360,000 a mataki na 5. Mai amfani yana biyan kashi 10 cikin 100, ko da yake daga 2015 da 2018 masu samu da yawa suna biyan kashi 20 ko 30. Akwai kuma jami'in tsara kulawa, wanda ke zama da iyali ya haɗa musu jadawalin mako: wace rana ma'aikaciya za ta zo wanka, wace rana mota za ta ɗauki tsohon zuwa cibiyar yini, yaushe zai kwana 'yan kwanaki a gidan kulawa domin mutanen gida su huta.

Wuri mafi muhimmanci a wannan tsari, ga matan da muke magana a kansu, shi ne cewa wajen sanya tsoho a mataki ba a tambayar ko yana da 'ya ko matar ɗa a gida, ba a kuma duba dukiyarsa. Halin jikinsa da hankalinsa kaɗai ake dubawa. Da wannan aka kashe tsohuwar hujjar nan ta jami'ai cewa gidan da ke da mace ba ya bukatar taimako, kuma tun da kowa yana biya, karɓar hidimar ya daina zama abin kunya, ya zama karɓar haƙƙi.

Abin da ya canza

Adadin waɗanda aka tantance suna bukatar kulawa ya tashi daga kimanin miliyan 2.2 a 2000 zuwa kimanin miliyan 7, kuma motocin cibiyoyin yini sun zama abin da aka saba gani kowace safiya a unguwanni. Ga matar ɗa canjin babba ne. A binciken ƙasa na yanayin rayuwar jama'a na 2001, abokin auren ɗa ko 'ya, wanda kusan kullum matar ɗa ce, shi ne babban mai kula a kimanin kashi 22 cikin 100 na gidajen da ke da majinyaci. A binciken 2022 adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 5. Ba daidai ba ne a jingina wannan ga inshorar ita kaɗai, tun da zaman tare da iyaye ya ragu, aure ma ya ragu, amma ita ce ta sa ya yiwu tsoho ya zauna a gidansa ba tare da an tilasta wa wata mace barin rayuwarta ba.

Duk da haka nauyin bai bar wuyan mata ba, wuya ya sauya. Binciken na 2022 ya nuna kusan kashi 69 cikin 100 na masu kula da ke zaune gida ɗaya da majinyaci mata ne, yanzu galibi matan aure da 'ya'ya mata. Ya kuma nuna cewa a fiye da kashi 60 na irin waɗannan gidaje mai jinya da wanda ake jinya dukansu sun kai shekara 65, wato tsohuwa ce ke ɗaga tsoho. A matakin kulawa na 5, fiye da rabin masu kula sun ce kusan yini guda suke yi a kan aikin. Kowace shekara kimanin mutum 100,000 ke barin aiki saboda jinyar wani nasu, mafi yawansu mata, lamarin da ya sa Firaminista Shinzo Abe ya sanya kawar da wannan matsala cikin manufofin gwamnatinsa a 2015, amma ƙidayar 2022 ta nuna adadin bai sauka ba. Wani nazari da Nanako Tamiya da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Lancet a 2011 ya gano cewa amfani da hidima ya ƙaru kuma ya yi wa gidaje sauƙi, amma game da jin daɗin masu kula sakamakon gauraye ne.

Dalilin wannan giɓi, a fahimtata, yana cikin ginin dokar kanta. Tsohon ne mai inshora, shi ake aunawa, shi ake tsara wa jadawali, kuma kawar da ido daga iyali da aka yi domin a kare mace shi ne ya sa ba ta da gurbi a takarda. Babu matakin da doka ta wajabta a tambaye ta awa nawa take barci, ko tana da ciwo, ko tana son ci gaba da aikinta. Jami'in tsara kulawa mai tausayi yakan tambaya, amma hakan ya dogara ne ga halinsa da yawan gidajen da ke hannunsa. Hidimar kuma ta fi ƙarfi da rana, alhali dare ne ke cinye mai jinya. Sannan kawar da idon ma bai cika ba: taimakon aikin gida, irin su girki da shara da wanki, bisa ƙa'ida ba a bayar da shi idan akwai ɗan gida mai lafiya da ke zaune tare da tsohon, kuma wasu ƙananan hukumomi sun tsananta wannan har sai da ma'aikatar lafiya ta riƙa tura musu takardun gargaɗi cewa kada su hana kowa da kowa ba tare da duba halin gidan ba. Wato inda kasancewar mace za ta rage kashe kuɗi ana ganinta, inda za ta jawo kashe kuɗi ba a ganinta, kuma wannan rashin adalci ne ƙarara.

Matsin kuɗi ya ƙara tsananta abin. Kuɗin da tsarin ke ci ya tashi daga yen tiriliyan 3.6 a shekarar farko zuwa fiye da tiriliyan 11, matsakaicin abin da tsoho ke biya a wata kuma ya tashi daga yen 2,911 zuwa 6,225. Domin rage gudun wannan hauhawa, daga 2015 aka taƙaita shiga gidajen kulawa na musamman, waɗanda su ne masu sauƙin kuɗi, ga waɗanda suka kai mataki na 3 zuwa sama. Sai dai mai gigin tsufa da ƙafarsa ke da ƙarfi yakan faɗa ƙananan matakai, alhali shi ne wanda ba a iya ɗauke ido daga kansa ko na minti ɗaya. Duk abin da aka yanke daga hidima ba ya ɓacewa, gida yake komawa.

Abin da aka yi domin mai jinyar kanta

Gyare-gyaren da suka shafi mai kula kai tsaye sun zo ne ta wasu ƙofofi daban. Dokar hana cin zarafin tsofaffi ta 2005 ta haɗa da tallafa wa masu kula har a cikin sunanta, saboda an fahimci cewa duka da tsawa da sakaci a gida sau da yawa daga jigata suke tasowa. A nan ya kamata a ambata cewa maza masu jinya, 'ya'ya da mazaje, su ne suka fi yawa a alkaluman cin zarafin, domin sun fi kaɗaici kuma sun fi jinkirin neman taimako. Dokar ƙwadago ta bai wa ma'aikaci hutun jinya na kwana 93 ga kowane ɗan uwa, an ɗaga abin da ake biyansa zuwa kashi 67 cikin 100 na albashi a 2016, daga 2017 kuma ana iya raba hutun gida uku, amma kaɗan ne ƙwarai ke ɗaukarsa, kuma kwana 93 na shirya yadda za a yi ne, ba sa isar jinyar shekaru. Daga Afrilun 2025 an wajabta wa masu ɗaukar aiki su sanar da ma'aikata waɗannan haƙƙoƙi tun suna kusan shekara 40. A watan Maris na 2020 lardin Saitama ya zama na farko da ya kafa dokar tallafa wa masu kula da kansu, wasu ƙananan hukumomi suka bi sahu.

Idan aka dubi wasu ƙasashe za a ga abin da inshorar Japan za ta iya ɗauka ba tare da ta koma raba tsabar kuɗi ba. A Jamus asusun inshorar yana biya wa ɗan uwa mai jinya gudummawar fansho idan yana yin aƙalla awa 10 a mako, yana biyan wanda zai maye gurbinsa idan ya yi rashin lafiya ko ya tafi hutu, yana kuma ba da horo kyauta kan yadda ake ɗaga majinyaci da kula da shi. A Ingila dokar kulawa ta 2014 ta bai wa mai kula haƙƙin a tantance bukatunsa shi kansa, dabam da na majinyacin. Biyan fansho ya fi ba da kuɗi a hannu dacewa da damuwar da matan Japan suka nuna tun farko, saboda da sunan matar ake rubuta shi, kuma babu mai karɓe mata shi a gida. Ga kowace hukumar inshorar lafiya ma akwai lissafin da ya kamata ya ja hankalinta: macen da ke jinya galibi tana cikin masu inshorar, kuma ranar da ta kwanta majinyata biyu za a biya wa. Rubuta sunanta a fayil ɗin majinyaci, yi mata 'yan tambayoyi kan barci da damuwa da hawan jini duk lokacin da ta kawo shi asibiti, da tanadar mata lambar da za ta kira cikin dare, ba sa bukatar arzikin Japan. Wannan ya shafi hukumomin inshorar lafiya da ake ginawa a jihohin Nijeriya bayan dokar 2022 da ta wajabta inshora, tun da duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwantar da marasa lafiya a asibitocinmu ya ga waɗanda ke kwana a tabarma gefen gado, ya kuma san yawancinsu mata ne.

Babbar barazanar da ke gaban tsarin Japan yanzu ita ce ƙarancin ma'aikata. Aikin da aka ɗauke daga matar ɗa, mata ne dai suka karɓe shi a matsayin sana'a, domin su ne mafi rinjaye a cikin ma'aikatan kulawa, albashinsu kuma yana ƙasa da matsakaicin na sauran sana'o'i, ga ciwon baya da aikin dare iri ɗaya da na masu jinya a gida. Ƙasar ta buɗe ƙofa ga ma'aikata daga Indunusiya a 2008, Filifin a 2009 da Biyetnam a 2014, amma ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta cewa zuwa 2040 za a bukaci ƙarin kimanin ma'aikata 570,000 a kan waɗanda ake da su a 2022. A gyaran farashi na 2024 an rage ainihin kuɗin da ake biyan kamfanonin da ke tura ma'aikata gida, kuma a shekarar aka samu karyewar kamfanonin kulawa mafi yawa tun kafa inshorar har zuwa lokacin. A garuruwan karkara inda ƙaramin kamfani ɗaya ke zagaya gidaje masu nisa da juna, rufewarsa na nufin tsohon yana da mataki a takarda, yana biyan kuɗinsa kowane wata, amma babu ma'aikaciyar da za ta zo, kuma wankan ranar da canjin shimfiɗar dare suna komawa hannun matarsa ko 'yarsa.